Sharhi: Iskar Dariya a Asibiti, Ina Ya Kamata Kuɗin Su Tafi?

A cikin watan Yulin shekarar 2023 ne Hukumar Yaƙi da Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi ta Ƙasa, watau NDLEA, a ƙarƙashin shugabanta Birgediya Janar Buba Marwa mai ritaya, ta umarci jami'anta a duk faɗin ƙasar nan da su murƙushe haramtaccen cinikin iskar nan mai suna nitros oksaid, wadda aka fi sani da iskar dariya. Dalilin hukumar a fili yake. Samari da 'yan mata sun mai da iskar abin maye, ana hura ta cikin balan-balan a gidajen rawa da wuraren bukukuwa na Legas da Abuja da sauran manyan birane, a shaƙa, a yi ta ƙyaƙyata na ɗan lokaci. Tun daga wannan lokaci, duk wanda ya ji sunanta a rediyo, abin da yake fara zo masa a rai shi ne kame da gurfanarwa gaban kotu.

Amma kuwa iskar tana cikin jerin muhimman magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata asibiti ya rasa ba, kuma tana daga cikin mafi daɗewar magungunan kashe zafi da har yanzu ake aiki da su. Saboda haka akwai tambaya ta kuɗi da ta tsari wadda hayaniyar balan-balan ta danne: a ƙasar da kasafin kiwon lafiya bai taɓa wadata ba, a ina ne iskar nan ta cancanci a kashe mata kuɗi, a ina ne kuma sayenta ya zama ɓarna? Amsar ta dogara ne a kan abu guda. Ita kanta iskar ba ta da wata tsada. Abin da yake cin kuɗi shi ne kayan da ke tsare ran mai shaƙarta da mutanen da ke kula da shi, kuma asibitin da ya sayi iskar ya tsallake waɗannan, ya sayo wa kansa bala'i ne cikin tukunya.

Tarihinta ma ya nuna haka. Wani Bature ɗan Ingila, Joseph Priestley, shi ne ya fara haɗa ta a 1772. A 1800 Humphry Davy, wanda ya yi ta gwada ta a kansa, ya rubuta cewa mai yiwuwa ta yi amfani wajen tiyata, amma ba wanda ya kula, sai aka shafe shekaru fiye da 40 ana nishaɗi da ita a dandalin wasa. A ƙarshen 1844 wani likitan haƙori a Amurka, Horace Wells, ya shaƙe ta aka cire masa haƙori bai ji zafi ba. Da ya je nuna abin ga ɗaliban likita a birnin Boston a farkon 1845, sai majinyacin ya yi ƙara, aka yi wa Wells ihu. A wancan zamani zallarta ake bayarwa, ba a haɗa ta da komai, har fuskar majinyaci ta canza launi don rashin iskar numfashi. Sai a 1868 wani likita a Chicago, Edmund Andrews, ya kawo shawarar a riƙa gauraya ta da iskar oksijin. Daga wannan shawara ce duk wata ƙa'idar aminci ta yau ta samo asali.

Dalilin kuwa shi ne iskar dariya ba ta da ƙarfin da za ta sa mutum barcin tiyata ita kaɗai. Bisa ga awon masana, sai an ba da fiye da kashi 100 cikin 100 kafin ta kai wannan matsayi, abin da ba zai yiwu ba a cikin ɗaki irin na kowa. Don haka a ɗakin tiyata mataimakiya ce kawai ga wasu magunguna, kuma ba a yarda ta wuce wajen kashi 70 na abin da majinyaci ke shaƙa, sauran kashi 30 ɗin oksijin ne. Iskar da kowa ke shaƙa a waje tana da kashi 21 na oksijin. Idan abin da ke isa huhu ya yi ƙasa da haka sosai, 'yan mintoci kaɗan sun isa ƙwaƙwalwa ta lalace. Har bayan an rufe iskar ma akan ci gaba da ba majinyaci oksijin na ɗan lokaci, domin tana fitowa daga jini zuwa huhu da sauri har ta rage wa oksijin wuri.

Kuskure a wannan fanni ba ya zaɓen ƙasa. A 2016, a wani asibiti da ke birnin Sidni na Ostareliya, an ba jarirai biyu sababbin haihuwa iskar dariya a maimakon oksijin, saboda an haɗa bututun bango ba daidai ba, ba a kuma gwada shi yadda ya kamata ba kafin a fara aiki da shi. Ɗaya ya rasu, ɗaya ya sami mummunan lahani a ƙwaƙwalwa. Rubutun da ke jikin bango oksijin ya ce, ma'aikatan kuwa sun yi abin da aka koya musu. Idan haka ta auku a ƙasar da injiniyoyin asibiti suka wadata, to asibitin da bai da injiniya ko guda yana da dalilin yin tunani sau biyu.

Saboda gudun irin wannan ne aka yi wa tukwanen iska launi dabam-dabam, ta iskar dariya shuɗiya, ta oksijin mai farar kafaɗa, aka kuma yi wa bakin ƙananan tukwane tsarin ƙusoshi da ramuka yadda tukunyar wata iska ba za ta shiga gurbin wata ba. Na'urorin sa barci na zamani suna da wani tsari da ke hana a buɗe iskar dariya ba tare da oksijin ya biyo ta ba, ya kuma yanke ta da zarar oksijin ya ƙare. Amma tsofaffin na'urori na gwanjo da na kyauta, waɗanda ƙananan asibitoci kan karɓa hannu bibbiyu, ba duka suke da wannan tsari ba. Haka nan tukunyar da aka sake wa fenti, ko mahaɗin da aka sa mai walda ya ƙera don tukunya ta shiga inda ba nata ba, kowannensu yana rushe kariyar da aka yi shekaru ana ginawa. Araha ba ta ado, a ɗakin tiyata kuwa ba a ado abin ke tsayawa ba.

A nan ne maganar kuɗi ta shigo. Yawancin manyan asibitocin da aka gina bisa tsarin Turawa suna da ɗakin ajiye manyan tukwane, daga inda bututai ke ratsa bango su kai iskar dariya ɗakunan tiyata. Binciken da aka gudanar a asibitocin Birtaniya tun daga wajen 2021 ya gano abin mamaki: a asibitoci da dama, sama da kashi 90 cikin 100 na iskar da aka saya ta wannan hanya ba ta isa ga majinyaci, yoyo take yi daga mahaɗan bututai ta bi iska. Watau a cikin kowace fam 10 da aka biya, fam 9 sararin samaniya aka ciyar. A 2024 ƙungiyoyin likitocin sa barci na ƙasar suka ba da shawarar a rufe waɗannan bututai, kada a sa su cikin sababbin gine-gine, a koma ga ƙananan tukwane da ake kai wa gefen gado idan bukata ta taso. Sun kuma kawo hujjar muhalli, domin kilo guda na iskar yana ɗumama duniya daidai da kilo 273 na iskar kabon a tsawon shekaru 100, ga shi tana daɗewa sama da ƙarni guda a sama tana cin rufin ozon.

Darasin da ke cikin wannan ga Nijeriya bai da wuyar ganewa. Bututun da ya yi yoyo a Ingila, inda ake duba shi a kai a kai, ba zai daina yoyo ba don an kawo shi Ibadan ko Enugu ko Kaduna. Tun da aka saki farashin Naira a watan Yunin 2023, dalar da ake samu a wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta haura Naira 1,500 a cikin 2024, kuma kusan duk wani mahaɗi da agogo da na'urar da wannan tsari ke bukata daga waje ake shigo da su. Abin lura shi ne aikin bututu irin aikin da ke da farin jini ne wajen ba da kwangila, yana da girma a takarda, ana iya yanka masa ƙyalle ranar buɗewa. Ma'aunin gano yoyo da albashin injiniyan da zai riƙa zagayawa da shi ba su da wannan farin jini. Gwamnatin jihar da ke shirin gina sabon asibitin ƙwararru, kamata ya yi ta tambayi mai zanen ginin dalilin da zai sa a sayi abin da masu shi suke kwancewa.

Daɗin daɗawa, ɗakin tiyata zai iya aiki sarai ba tare da ita ba. Wani babban bincike da aka buga a 2014, wanda ya shafi majinyata kimanin 7,000, ya wanke iskar daga zargin ƙara mace-mace da ciwon zuciya bayan babbar tiyata, sai dai ya tabbatar tana ƙara tashin zuciya da amai. Ke nan ba ta da laifin da za a kore ta, ba ta kuma da wata falalar da za ta sa a ce dole sai da ita. Allurar ketamin, da allurar ƙashin baya mai kashe rabin jiki wadda ake yi wa mata masu haihuwa ta hanyar tiyata, da maganin shaƙa irin su aisofuloren, su ne ke ɗauke da yawancin aikin a asibitocin ƙasar nan. Abin da ba a iya yi ba tare da shi ba shi ne oksijin, kamar yadda annobar korona ta tona a 2020, har Gwamnatin Tarayya ta amince a farkon 2021 da kashe Naira biliyan 6.45 don kafa injinan samar da oksijin a wurare 38. Bayansa sai 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa tana nuna yawan oksijin a jini, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin sharuɗɗan tiyata tun 2008. Asibitin da bai mallaki waɗannan biyu ba, bai kai ga maganar iskar dariya ba tukuna.

Inda iskar take da ƙima ta gaske shi ne wajen ɗakin tiyata, musamman ɗakin haihuwa. Wani likita a Rasha, Stanislav Klikovich, ya ba mata masu naƙuda ita haɗe da oksijin tun 1881. A 1933 Robert Minnitt ya ƙera na'urar da mai naƙuda za ta shaƙa da kanta a Liverpool, sa'an nan a 1961 Michael Tunstall ya nuna za a iya zuba iskokin biyu rabi da rabi a tukunya guda. Wannan gaurayen, da ake sayarwa da sunan Entonox, shi ne mafi yawan matan da ke haihuwa a asibitocin Birtaniya ke amfani da shi. Hikimarsa tana cikin sauƙinsa. Tun da oksijin ɗin yana cikin tukunyar tun daga masana'anta, ba yadda ma'aikaci zai manta ya buɗe shi. Matar ce ke riƙe abin shaƙar da hannunta, iskar ba ta fitowa sai ta ja numfashi, idan jiri ya ɗebe ta hannun ya saki, cikin 'yan mintoci ta dawo hayyacinta. Tana fara shaƙa da zarar ta ji ciwon ya taso, domin iskar na bukatar kusan rabin minti zuwa minti guda kafin ta kama. Ba ta ɗauke zafin gaba ɗaya, tana rage masa kaifi ne, kuma ba ta tsayar da naƙuda.

Lissafin ma'aikata ne ya sa wannan ya shafi Nijeriya. Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta ce ƙasa na bukatar aƙalla likitan sa barci 5 ga kowane mutum 100,000. Ƙidayar da ta buga a 2017 ta nuna Nijeriya ba ta kai ko guda ba, kuma 'yan kaɗan ɗin sun taru ne a asibitocin koyarwa da manyan birane. Allurar baya ta kashe zafin naƙuda, wadda ita ce mafi ƙarfi, sai da irin wannan likita. Allurai irin su petidin da pentazosin kuwa suna ratsawa zuwa ga jariri, suna iya raunana numfashinsa idan haihuwa ta zo kusa. Gaurayen rabi da rabi ungozoma mai horo za ta iya kula da shi. Haka kuma yana amfani wajen wanke ƙuna, da ɗinkin rauni, da gyaran karaya, da aikin haƙori ga yara masu tsoro, ayyukan da a asibitoci da yawa maganinsu bai wuce a danne mutum a ce ya yi haƙuri ba. A ƙasar Hausa ana yaba wa mace mai dauriya, wadda ta haihu ba a ji muryarta ba, amma yabon bai taɓa rage mata ciwon ba.

Sai dai a faɗi gaskiya, ba zafin naƙuda ke kashe mata ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kimanin 75,000 suka rasu a Nijeriya a 2023 sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya, kuma zubar jini da jijjiga da shigar ƙwayoyin cuta su ne a sahun gaba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti. Wanda ya ce a fara da jini da maganin tsayar da shi da motar ɗaukar majinyata, ya faɗi daidai. Tukunyar iskar kashe zafi tana bayan waɗannan a layi. Wurin da ya dace a fara shi ne asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jihohi da masu zaman kansu da suka riga suka tsallake wancan mataki, a kuma fitar da kuɗin daga abin da za a ɓatar a bututun bango.

Ko a can ma da sharuɗɗa. Iskar tana shiga duk wani gurbi mai iska a jiki ta kumbura shi, don haka ba a ba wanda iska ta taru masa a ƙirji bayan haɗarin mota, ko mai toshewar hanji, ko wanda ya bugu a ka, ko wanda aka yi wa wasu nau'o'in aikin ido. Tana kuma kashe aikin bitamin B12 a jiki. Tun 1956 likitoci a Danmak suka lura cewa masu cutar sarƙe-haƙora da aka bar su kwanaki suna shaƙarta, ɓargonsu ya daina ƙera jini yadda ya kamata. Shaƙa ta 'yan sa'o'i ba ta cutar da mai lafiya, amma maimaitawa na lalata laka da jijiyoyi, ƙafafu su mutu, tafiya ta gagara, wanda shi ne abin da ke samun 'yan balan-balan. A ƙasar da ƙarancin jini ya yi yawa, kuma ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila waɗanda ciwo ke mai da su asibiti a kai a kai, tilas ne a rubuta wa kowane majinyaci sau nawa ya shaƙa. Su ma ma'aikata abin ya shafe su. A farkon 2023 wasu asibitocin Ingila sun dakatar da gaurayen na ɗan lokaci, bayan awo ya nuna iskar da ke taruwa a ɗakunan haihuwa ta wuce iyakar da doka ta yarda ungozoma ta shaƙa. Abin dariya a nan shi ne tsohon ɗakin gwamnati mai manyan tagogi a buɗe zai iya fin ɗakin asibitin kuɗi mai na'urar sanyaya ɗaki da tagogi a rufe aminci ta wannan fuska.

Akwai kuma abin da jami'in sayayya ya kamata ya sani. Zallar iskar dariya ruwa-ruwa take zama a cikin tukunya, saboda haka agogon da ke bakinta ba ya nuna abin da ya rage, yana tsaye wuri guda har sai ruwan ya ƙare sa'an nan ya faɗi. Sikeli ne kaɗai ke faɗin gaskiya, kuma asibitin da ke karɓar kaya ba ya aunawa bai san abin da ya biya ba. Idan zafi ya wuce digiri 36.5 a ma'aunin Selsiyus, ruwan kan koma iska gaba ɗaya, matsin cikin tukunya ya hau. Shi ya sa ƙa'ida ta ce tukunyar da za a yi aiki da ita a ƙasashe masu zafi ba a cika ta kamar ta Turai: kilo 0.67 ga kowace lita a maimakon 0.75. Wanda ya san bazarar Sakkwato da Maiduguri, inda zafi ke wuce digiri 40, ya san abin da ake nufi da barin tukunyar da aka cika don sanyin Turai a bayan mota da tsakar rana. Ita kuma iskar ana samun ta ne ta hanyar dafa sinadarin amoniyam naitiret, kuma idan zafin ya wuce kima sai wasu iskoki masu guba ga huhu su biyo ta. Wannan ne bambancin ta asibiti, wadda aka tace aka gwada, da wadda aka shigo da ita da sunan kayan yin kek.

Saura maganar doka. NDLEA tana da hujja, kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: yaron da ke shaƙar balan-balan bai shigo da kwantena ta tashar Apapa ba. Amma ƙasar nan ta riga ta ga yadda tsoron maye ke shafar marar lafiya. An hana maganin tari mai kodin a 2018, an tsananta a kan tiramadol, duka da dalili, alhali masu ciwon daji na fama da wahalar samun mofin. Ɗan kasuwa idan ya ga kayansa na iya kwana a hannun hukuma, sai ya bar kayan ko ya ɗora kuɗin fargabarsa a kan farashi, mai jinya ne kuma zai biya. Birtaniya ta haramta mallakar iskar don maye a watan Nuwamban 2023, amma dokar ta keɓe aikin asibiti da na haƙori da na masu abinci a fili.

Abin da ake bukata a nan shi ne NAFDAC da NDLEA da Hukumar Kwastan da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya su zauna a kan takarda guda: wane ne ke da lasisin shigowa da ita ko cika ta, wane asibiti ne aka yarda ya saya, lambar kowace tukunya da nauyinta ranar da ta fita da ranar da ta dawo, da sunan ma'aikacin da ya sa hannu. Kamfanonin iskar masana'antu sun daɗe suna bin tukwanensu da lamba domin dukiyarsu ce, don haka ba sabon aiki za a ƙirƙiro musu ba. Ranar da jami'i ya tare mota ɗauke da shuɗɗan tukwane a kan hanyar Legas zuwa Ibadan, takardar da direba zai miƙa masa ita ce za ta yanke ko kayan za su kwana a ɗakin haihuwa ko a harabar hukuma.